Takardar da Na Ƙi Sa wa Roba

Ban taɓa mantawa da ranar da na ƙi yi wa Hajiya Zulai aiki ba, alhali mudir, wato manajan shagonmu, yana tsaye a kaina. Lokacin ina shekara ta biyu a wani shagon hoton takardu a unguwar Mansur da ke Makka, ni ke kan injin taglif. Taglif shi ne a sa takarda cikin roba, a bi ta da zafi har ta manne. Kun dai san mutanenmu: kwafin iƙama, wato katin izinin zama a ƙasar, shahadar makaranta, har katin asibiti, sai an sa roba hankali ke kwanciya.

Wata Talata bayan la'asar Hajiya ta shigo da ambulan. Dattijuwa ce haifaffiyar Makka, jikar Kanawa. Ta ce, "Ya waladi, yi mini taglif, mai kauri."

Ina zaro takardar na gane ba irin ta kullum ba ce. Mahaifina marubucin Alƙur'ani ne a Kano, na san tsohuwar takarda, na san tawadar da shekaru suka mayar ja. Wannan da Turanci ce, rubutun hannu.

"Hajiya, ta wane ne?"

"Ta Dakta ce, maigidana. Tun da ya yi karatu a Amurka yake tara wasiƙun shugabanninsu na farko, wai wannan ta haura shekara ɗari biyu. Kullum sai lallaɓa ta yake, ko jikokinsa ba ya bari su taɓa. Na ce bari in hutar da shi kafin ya dawo daga Jidda."

Na ce ta yi haƙuri, ba zan sa ta a inji ba, don in roba ta kama ta, ta kama ke nan har abada. Mudir ya harare ni. "Yalla, Sani! Kai malamin tarihi ne ko mai taglif? In ba ka iyawa, akwai masu neman wurinka." Wallahi na tsorata, don iƙamata a kan shagon take. Amma na cije. Na ɗauki hoton wasiƙar mai kala, na sa wa hoton roba, na mayar mata da ta asalin cikin ambulan. Ta fita tana mita, wai 'yan Nijeriya sun fiye iyayi.

Kwana biyu mudir bai amsa gaisuwata ba. Ran Alhamis sai ga wani dattijo da sanda yana tambayar waye Sani. Na ce shi ke nan, kashina ya bushe.

"Kai ne ka ƙi bin umarnin matata?"

"Ni ne, Baba."

"Shekara arba'in ina neman yadda ake yin haka, ban samu ba."

Ya kama hannuna da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Ya ce shekara tara ya yi yana bibiyar wasiƙar nan kafin ta zo hannunsa, kuma da ta shiga inji, da babu mai tara irinta da zai sake kallon ta. Nan take mudir ya gyara murya, ya ce ai dama tsarin shagonsa ke nan.

Ku da kuke sababbi a sana'ar nan, danna inji kowa ya iya. Mai kawo takarda da kyakkyawar niyya yake zuwa, amma ba kullum ya san abin da ya riƙo ba. Ku tambaya tukuna, ko da mudir na hararar ku. Harara tana wucewa, roba kuwa ba ta ɓaruwa.