Shekara Goma Sha Bakwai a Bencin Baya

In ka bar Gwaram ka nufi Fagam, akwai wata 'yar majami'a mai rufin kwano a wani ƙauye, wadda ko ranar Kirsimeti ba ta tara mutum tamanin. A nan Inna Hapsatu take sujada. Gajeruwa ce mai saurin tafiya, kuma ita ke dafa zoɓon da ake zubawa a 'yan kofuna ranar Jibin Ubangiji, wato rabon burodi da abin sha don tunawa da Almasihu, Lahadin farko na kowane wata. Ita ke shuka shi a gefen gonar gyaɗarta, ita ke wanke kofunan. Amma shekara goma sha bakwai bakinta bai taɓa kofin nan ba.

Ga yadda aka yi. Ɗanta Haladu yana goye ƙyanda ta kama shi, har idanunsa suka kakkafe. Maƙwabcinsu Malam Salihu, mutumin kirki, ya wanke allo ya aiko da rubutu. Uwa ce fa! Ta ɗura wa yaron, sannan ta ruga da shi asibiti a Birnin Kudu. Yaro ya tashi. Da magana ta kai kunnen dattawan ikilisiya, sai aka sa ta a horo: ta koma bencin baya, ba cin Jibi. Faston lokacin ya ce, "Ki zauna can sai mun kira ki." Kafin kaka aka yi masa canjin wurin aiki.

Shi ke nan, Hapsatu ta zauna jiran kira. Abin da ke ba ni haushi da mutanenmu ke nan, kunyar nan da ba ta da kai. A ganinta wanda aka hora ba shi ke cewa horo ya isa ba. Fastoci uku suka zo suka tafi, kowa ya ɗauka baiwar Allah tana son iskar bakin ƙofa ne. In an iso da farantin Jibi sai ta sunkuyar da kai, mai rabo ya wuce. Dafa zoɓo kuwa ba wanda ya hana ta, sai ta riƙe shi gam. Allah ya sani abin yana cin ta. Da furfura ta fara fito mata, addu'arta ta koma guda ɗaya: "Ya Ubangiji, kada in mutu a waje."

Bara aka kawo Fasto Yunusa, saurayi ne ma, kuma shi da kansa yake zagawa da farantin. Sau biyu ya ga ta sunkuya. Ran Litinin ya same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.

"Inna, me ya sa ba kya cin Jibi?"

"Baba Fasto, ai ba a kira ni ba."

Ta ba shi labari kaf, hannunta bai daina ɓara ba. Daga nan ya wuce wurin Baba Maikano, wanda shi kaɗai ya rage cikin dattawan da suka yi wancan zama. Tsoho ya ji, ya dafe kai.

"Wayyo ni! Wata uku muka yanke mata. Wata uku! Na zaci fasto ya sallame ta kafin ya tafi."

Lahadin Jibi, Baba Maikano ya dogara sanda tun daga gaba har bencin baya. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara.

"Hapsatu, mun kira ki. Mun makara, ki yafe mana."

"Haba Baba, tashi mana, kada ka sa ni kuka," in ji ta, alhali hawaye sun riga sun jiƙa mata zane.

Mata biyu suka riƙo ta zuwa gaba. Ta karɓi gutsuren burodi, ta karɓi kofi, ta kurɓa. Sai ta yamutse fuska. Ashe duk shekarun nan ko a madafa ba ta taɓa ɗanɗana zoɓon ba, don tun yana tukunya ta ɗauke shi na Ubangiji ne.

"Kai! Wannan tsami haka?" Ta juyo ta dubi jama'a. "Shekara nawa kuna shan wannan, ba mai faɗa mini?"

Wata daga cikin zumuntar mata ta ce, "Inna, nauyinki muke ji."

Majami'a ta kwashe da dariya, har da Hapsatu, tana share ido. Baba Maikano kam bai yi dariya ba, kuka yake yi kamar yaro.

Fasto Yunusa ya jira aka lafa. Ya ajiye farantin a kan tebur, ya ce a hankali, "'Yan'uwa, akwai wani kuma da yake jiran kira?"

Can sai benci ya motsa a ɓangaren maza, wani dattijo ya miƙe, hularsa a hannu. Bai gama miƙewa ba wata mata ma ta tashi.