Jakunan Tanti Falmata

Ni ne Laminu Isufu, haifaffen Garagumsa. Na shigo Damagaram da riga ɗaya da takalmin roba, bayan na bar kolej ban gama ba, saboda mahaifina ya rasu kuma babu mai riƙe ni. Na yi tallar ruwa a amalanken jaki, bido-bido, wato jarka-jarka, daga rijiyoyin bayan gari zuwa unguwannin Birni da Zango. Daga nan na sayi tsohon kamiyo, babbar motar kaya, na koyi gyaransa da hannuna. Yau ina da motocin ruwa, ina da filin buga bulo a hanyar Mirya, na gina gidana, na kai mahaifiyata Makka kafin in kai kaina. 'Ya'yana mata duka sun yi karatun da ban samu yi ba. Ko akuya ban gada ba. Ba wanda ya tsaya mini a gaban wani babba. Na faɗi wannan ne don a san wanda ke magana, a kuma san ba neman wani abu ya sa ni ɗaukar alƙalami ba.

Ina filin bulo da hantsi, muna gardama da mai kawo mini yashi, sai Rakiya matata ta kira ni. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Alhaji, Tanti ta rasu."

Na ce, "Wace Tanti?" Alhali Tanti ɗaya ce a bakinta.

Ta ce, "Tanti Falmata. Hawan jinin ne. Kafin a kai ta asibiti ta cika."

Na yi innalillahi, na kashe wayar, na koma na ƙarasa gardamar yashin. Har na ci gardamar. Sai da na shiga mota na ga na zauna riƙe da makulli ban san ina zan juya ba. Tun daga ranar haka nake. Ina ci, ina sallah, ina fita aiki, amma kamar wani nake kallo yana yi. Ban yi kuka ba. A maƙabarta abin da na lura da shi kawai shi ne ƙasar wurin ta yi tauri, masu haƙa sun sha wahala.

Ga wanda bai san ta ba: Hajiya Falmata 'yar gidan Barebari ce na cikin Birni, kakanninta fatake. Mijinta ya riga ta tafiya da daɗewa, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu da tsohuwar mahaifiyarta. Littattafan soyayya take rubutawa, da farko na takarda, daga baya na waya. Mata daga nan har Maraɗi da Difa sun san sunanta, Tanti kawai suke ce mata. Ni ban taɓa karanta ko ɗaya har ƙarshe ba, kuma ba zan yi ƙarya a kan mamaciya ba. Ta wata hanya dabam na san ta.

Wata bazara ce mai zafi, ina tuƙa motar ruwa da kaina don direbana ba shi da lafiya. Kusa da kasuwa na tarar da jaki kwance a bakin titi, mai shi ya kwance amalanke ya ja abinsa ya tafi. Bayan jakin duk gyambo, ƙudaje sun rufe. Wata mace ta fito tsakiyar hanya ta ɗaga mini hannu, ba ta da niyyar kaucewa.

Ta ce, "Mai ruwa, buɗe mana famfon nan."

Na ce, "Hajiya, ruwan nan an riga an saya."

Ta ce, "To ka gaya wa mai shi an sha kaɗan a hanya."

Na buɗe. Ta jiƙa mayafinta, mayafi mai tsada kuwa, ta ɗora wa jakin a ka, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Mutane na dariya, ko kallonsu ba ta yi ba. Da ya iya miƙewa ta sa aka kai shi kangon da ke bayan gidanta, tsakanin duwatsu. Nan na ga ba shi ne na farko ba. Akwai gurgu, akwai makaho, akwai wanda igiya ta yanke wa wuya. Tun daga ranar motata ba ta daina sauke musu ruwa ba.

Taronta na masu karatu kuwa, kowa a unguwar ya san shi. Asabar ɗin ƙarshen wata, bayan la'asar, mata sukan cika tsakar gidanta: matan aure, 'yan makaranta, ma'aikatan asibiti, masu tuyar ƙosai, har da wasu da ke zuwa daga Guna da Hamdara a motar kasuwa. Takan karanta musu sabon babi kafin ya shiga waya. Ba a biyan kuɗin shiga. Abin da ake zuwa da shi kwanon dusa ne, ko ɗaurin harawa, ko ƙaiƙayi. A bakin ƙofa ake juyewa. Wadda ta zo hannu sake ba a korar ta, amma Tanti za ta dube ta ta ce, "Wadda ta iya zubar da hawaye saboda Habibu, mutumin da ni na ƙirƙire shi a kan tabarmar nan, ai ta iya kawo dusa saboda wanda ke tsaye can da ciwo a baya." Wata mai zuwa za ka gan ta da kwano biyu.

Nakan kai Rakiya, in tsaya a zaure ina jira. Daga nan nake jin komai. Mata na faɗa da juna a kan mutanen da babu su. Wata ta ce wallahi in Tanti ta bar yarinyar nan ta yafe wa Habibu ta daina zuwa. Akwai ranar da aka kai daidai inda Habibun ke rantsuwa cewa ba zai sake ba, wuri ya yi tsit, sai makahon jakin nan ya ɗaga murya daga kango. Direkta Tanti ke kiransa, wai shi ne farkon ci kuma ba ya aikin komai. Tanti ta ajiye takarda ta ce, "Kun ji. Direkta ma bai yarda da shi ba." Aka yi ta dariya har aka kira magariba. Yanzu ina rubuta wannan, na san abin dariya ne, amma bai motsa ni ba.

Ba mace ce mai taushin baki ba. Idan mai amalanke ya zo karɓar jakinsa bayan ya warke, takan ba shi, don ta ce da shi yake ciyar da iyali. Amma sai ta zaunar da shi ta nuna masa yadda ake yin akumari da tsumma mai kauri don kada kaya su ci bayan dabba. In ya sake dawo da shi da gyambo, to ranar zai ji abin da ko uwarsa ba ta gaya masa ba. Waɗanda suka tsufa ko suka nakasa, waɗanda ba mai dawowa nemansu, su ne suka zauna. Rabin abin da littattafai ke kawo mata a kansu yake tafiya, da likitan dabbobi da magani. Na taɓa tambayarta me ya haɗa soyayya da jaki. Ta ce, "Laminu, duk abin da nake rubutawa bai wuce abu ɗaya ba: wani ya lura cewa wani ya gaji."

Sau biyu muka saɓa, kuma zan faɗe su yadda suke.

Na farko, shekarar da na yi wa kangon rumfar kwano. Aiki ne na gaske, ƙarfe da siminti, ba na jeka-na-yi-ka ba. Na ce mata ya kamata a ambaci sunana a taro, mutane su san wanda ya yi. Ta ce, "Nan ba gidan biki ba ne, Alhaji, ba ni da maroƙi. Mai ƙosan can da ta kawo kwanon dusa, rabin ribarta ta yini ce. In na kira sunanka sai na kira nata, kuma ita kunya za ta ji." Na ji haushi. Har yau ina ganin wanda ya yi aiki ba laifi a faɗi sunansa. Na daina tsayawa a zaure na ɗan lokaci, amma ruwa bai tsaya ba.

Na biyu, wata rana muna tsaye a bakin rumfar, na ba ta tarihina, wannan da na fara da shi a sama. Ta saurara har ƙarshe. Na rufe da cewa ba wanda ya taimake ni.

Ta ce, "Ba kowa?"

Na ce, "Ba kowa, sai Allah."

Ta ce, "Jakin fa?"

Jakin amalankena take nufi. Jaki ne ja mai tsagaggen kunne, shekaru muka yi tare, a hannuna ya mutu na tsufa. Hanyar rijiya ya fi ni saninta, in barci ya ɗauke ni a kan amalanke shi ke kai mu. Ban taɓa sa shi cikin labarin ba. Maganata tana nan, ba ɗan Adam ɗin da ya ɗaga ni. Amma tun daga ranar, in na zo wurin nan a labarin sai in ji muryarta.

Asabar ɗin ƙarshen watan da ta rasu, ba wanda ya kira taro. Duk da haka bayan la'asar mata suka fara zuwa, kowa da kwanonta. Suka juye a bakin ƙofa yadda aka saba, suka shiga suka zauna. Ba mai karatu. Tabarmarta na nan a naɗe jikin bango. Can wata daga baya ta ce, "To yanzu Habibun ya dawo ko bai dawo ba?" Ba wanda ya sani, labarin bai ƙare ba. Suka zauna har magariba, suka watse. Ina zaure ina kallon takalmansu suna raguwa.

Yanzu ga abin da ya sa na yi wannan rubutu, kuma na roƙi Rakiya ta karanta muku shi, ku masu karatunta, ta kuma kai wa dangi.

Tun ba a tashi daga zaman makoki ba wani mutum ya zo gaisuwa, wanda ba mu sani ba. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya nemi a nuna masa kangon. Mai sayen jakuna ne saboda fata. Gurgu da makaho duk ɗaya ne a wurinsa, tunda ba aiki zai sa su ba. Ya yi tayi mai kyau, ya ce zai dawo.

Yayanta Mala, wanda rabon gado ke hannunsa, ya kira ni gefe. Dattijo ne mai mutunci, ya yi ritaya, kuma ba na zarginsa da komai. Ya ce, "Alhaji Laminu, na san abin da ke ranka. Amma liman ya ce dabbobin nan dukiya ce, sun shiga gado. Ba ta bar wasiyya a kansu ba. Ga tsohuwa, ga yaran nan, ga gidan ma za a raba. Ni da me zan ciyar da su? Dusar matan nan wata nawa za ta yi tana zuwa babu mai karatu?"

Na ce, "Yaya Mala, gaskiyarka. Haƙƙin magada ba a wasa da shi."

Ya ce, "To ya za mu yi? Mutumin jibi zai dawo."

Na ce, "Ya dawo ya tarar an sayar."

Ya dube ni. Ya ce, "Me za ka yi da makahon jaki?"

Na ce, "Abin da yake yi yanzu. Ya ci, ya yi kuka."

Duk abin da mutumin nan ya taya, na biya, magada ba za su yi asarar komai ba. In ya ƙara, na ƙara. Bayan filin bulona akwai wuri, akwai inuwar gawo, ruwa kuwa ba a yi mini maganarsa. Rumfar ni na kafa, ni zan kwance in mayar can. Ku kuma masu kwano, ƙofa a buɗe take Asabar ɗin ƙarshen wata. Ban iya karatun soyayya ba, amma a cikinku ba a rasa mai murya, tsofaffin littattafanta kuma suna nan.

Allah ya jiƙan Falmata, ya yafe mata kurakuranta, ya yalwata mata kabari. Yadda ta shayar da abin da ba ya iya roƙo, Allah ya shayar da ita ranar ƙishirwa. Allah ya ba mahaifiyarta haƙuri, ita da ta ga abin da uwa ba ta son gani. Ya raya 'ya'yanta, ya haɗa kansu, ya sa kada su wulaƙanta a bayanta. Ya sauƙaƙa wa Yaya Mala nauyin da ya hau kansa. Mu kuma, in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Abu ɗaya nake nema, kuma ba roƙo nake ba. Maganar baki ba ta ishe ni ba, don mai fata ya san hanyar gidan, kuma gobe wani cikin dangi zai iya cewa bai ji ba. Ranar da za a zauna rabon gado, gaban liman da shaidu, a rubuta cewa jakunan Falmata, gurgunsu da makahonsu har Direkta, sun zama na Laminu Isufu na Garagumsa, ba a sayar da su, ba a yanka su, har su mutu don kansu. A rubuta sunan cikakke, a karanta shi da ƙarfi kowa ya ji. Sau ɗaya na nemi a faɗi sunana a gidan nan ta hana. Wannan karon ba ta nan da za ta hana.