Injin Labbo da shinkafar Turawan bincike

Na san Labbo tun Birnin Kebbi na ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Shagona na ɗinki yana kallon rumfarsa ta injin casar shinkafa a Gwadangaji, saboda haka ɓuntunsa ya sha shiga mini ido. Mutum ne mai fargaba. Ko tari injin ya yi, sai ka ga ya dafe ƙirji. Shi da ƙanensa Hammadu mai walda suka haɗa injin da hannunsu, har suka kafa allo suka kira abin kamfani. Muna yi musu dariya, amma matan unguwa masu turara shinkafa duk can suke kai kayansu.

Ana haka wani kamfanin Turawa ya zuba kuɗi ya buɗe gonar bincike da injin casa a hanyar Argungu. Suka raba wa manoman Ambursa sabon iri, dogo siriri, mai yawan albarka. Manoma suka yi murna. Labbo kuwa ya shiga uku, don rolar injinsa mai murje shinkafar ta ƙarfe ce, kuma da ta kama wannan shinkafa sai ta mayar da ita tsaki.

Hauwa'u, shugabar matan, ta ɗebo tsakin ta nuna masa.

"Malam Labbo, mi ka yi ma shinkahwata? Kaji zan saida ma wagga?"

Tun daga ranar mata suka fara ɗaukar mota zuwa injin Turawan. Rumfa ta yi tsit. Ni da nake tsine wa ƙarar injin nan, sai ga ni ina kewarta.

Bai gama da wannan ba, Turawan suka ɗauke Hammadu aiki. Labbo bai hana shi ba, amma ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Abin da ke cinsa shi ne allon nan, kada a wayi gari a ce ya sauke shi.

Hammadu ne ya gaya masa cewa rolar Turawan ta roba ce. Labbo ya sayo tsohuwar tayar tirela, ya yanka, ya naɗe rolarsa. Ya roƙi Hauwa'u buhu guda na gwaji. Shinkafa ta fito lafiyayya, ba karaya, har ya fara washe baki. Sai Hauwa'u ta kai hanci. Warin ƙonanniyar taya ya cika ta, ga baƙi-baƙi a jiki. Ta ɗaure buhunta ta tafi. Ni kaina na ji kunyar a madadinsa.

Bayan kwanaki Hammadu ya zo da wata cinyayyar rola da aka ba shi izinin ɗauka daga tarin shara. Labbo ya tsaga ta, ya shinshina, har da lasa. Ya gane robar fara ce mai tauri, kuma akwai ramukan da iska ke bi ta sanyaya ta. Ya je har Sakkwato neman irin robar, ya huda nasa ramukan, ya ɓata ya sake, damina guda yana abu ɗaya.

Da kaka ta yi, Hauwa'u ta yarda da kyar a sake gwaji. Labbo ya tada inji. Ta ɗebo, ta duba, ta shinshina, ta tauna.

"Gobe ina tahowa da sauran mata," in ji ta.

Labbo ya zauna a kan buhu yana share zufa. Bai kai ga yin hamdala ba sai ga farar motar gonar bincike ta nufi Ambursa, bayanta cike da buhuna, Hammadu a kai. Labbo ya miƙe ya ɗaga masa murya.

"Mi kuka ɗauko?"

"Sabon iri ne, Yaya. Wanga gajere ne, mai ƙiba."

Labbo ya juya ya dubi rolar da ya yi damina guda yana gyarawa, ya sake dafe ƙirji.