Allon Zaren Baba

Babana tela ne. Shagonsa na wani layi a Gwallaga inda kekunan ɗinki ke ƙara tun safe har la'asar, mu kuma muna haya a ɗaki biyu a bayan shagon. Daga kudancin jihar ya shigo Bauchi yana saurayi, ya koyi ɗinki, ya yi aure, ya binne matarsa, ya raine ni shi kaɗai. Ran Lahadi bayan sujada shi ke koyar da ajin maza a cocinmu. Da za a ce ya zaɓa tsakanin wannan aji da keken ɗinkinsa, na san keken zai bayar.

Akwai wani faffaɗan katako da ya cinye rabin bangon falonmu. Baba ya kafa masa ƙusoshi layi huɗu daga sama zuwa ƙasa, kowane layi Linjila ɗaya, kowace ƙusa labari ɗaya, da 'yar takarda a gefenta mai lambar sura da aya. In labari ya fito a Linjila fiye da ɗaya, sai ya ɗaura zare daga wannan ƙusa zuwa waccan. Wanda ya fito a wuri ɗaya tak, sai ya rataya masa maɓallin riga. In ka ja baya ka duba, sama-sama zaren tsilla-tsilla ne, yana ta giccin juna inda marubutan suka bambanta wajen jera labari. Layi na huɗu maɓallai sun yi masa yawa. Can ƙasa kuwa, wajen labarin kamu da gicciye a ƙarshen kowace Linjila, zaren ya yi kauri kamar tabarma. Ran Asabar da yamma yakan tsaya gaban allon ya shirya darasin gobe, yana bin zare da ɗan yatsa yana motsa baki.

Ni allon nan ya ishe ni. Ƙura, saƙar gizo-gizo, ga kyankyasai sun yi gari a bayansa. Baƙo in ya shigo sai ya tambaya ko tarkon ɓera ne. Abin da ya ƙara ba ni haushi, wata shekara Baba ya kama kwance zarensa masu launi, masu ɗan kyan gani, yana sauya su: ulu mai kauri inda labari ya fito sau huɗu, zaren ɗinkin buhu inda ya fito sau uku, siririn zaren keke inda ya fito sau biyu. Allon ya koma kamar kayan bola.

Na ce, "Baba, rowa ce ko tsufa? In zare ne ya ƙare a shago, ka faɗa mini in sayo."

Ya yi dariya ya ce, "Uwata, bar ni da kayana." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka.

A lokacin ina aikin kwamfuta a wani ofishin gwamnati, kuma ina ji da kaina. Da mai gidan hayarmu ya ce zai rushe ɗakunan ya yi shaguna, sai na samo mana ɗakunan baya a wani gida a GRA. Ƙaurar ta zo daidai da tafiyar Baba ƙauye zaman makokin yayansa. Mako uku ya yi. A cikinsu na kwafe allon kaf, ƙusa bayan ƙusa, ban tsallake ko ɗaya ba. Na zana shi a kwamfuta da layuka ja da shuɗi da kore, aka buga mini a ƙatuwar takarda, aka lulluɓe ta da roba mai sheƙi don kada ta yi datti. Ya yi kyau, har yau ba zan ce bai yi ba. Sai na ɗauki filaya na zare ƙusoshin, na cusa zaren a leda, katakon kuma na bar wa mai dakon kayanmu.

Ranar da ya dawo na kama hannunsa na kai shi gaban zanen, ina ta washe baki. Ya matsa kusa. Ya ɗaga hannu ya ɗora a kan robar, ya shafa daga sama har ƙasa, ya koma ya sake shafawa.

Ya ce, "Sumul."

Na ce, "Ka ga ja, shi ne labarin da ya fito sau huɗu. Ka ga yadda ya taru a ƙasa?"

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Ina allon?"

Na faɗa masa. Ya nemi kujera ya zauna. Ni kuwa na yi fushi, wallahi na yi, na ce a raina tsohon nan ba ya da godiya.

Washegari na je shago ɗauko sauran kaya, na tarar da maƙwabcinsa, wani dattijo Musulmi mai aikin wuyan riga, wanda suka yi shekara da shekaru ƙofa da ƙofa. Na kai masa ƙarar Baba. Ya ajiye rigar da ke hannunsa ya dube ni.

"'Yar nan, ashe ba ki sani ba? Tun bara ni nake zura masa zare a allura. Idon dama ya tafi, na hagu kuma kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Ya roƙe ni kada in faɗa miki, wai kada hankalinki ya tashi. Wancan allon da hannu yake karanta shi."

Ban san yadda na iso gida ba. Da na kai Baba asibiti suka ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran ma tafiya zai yi. Haka kuwa aka yi kafin damina ta fita.

Ayoyin suna kansa, amma jerin ne ba ya kansa. Yana a yatsunsa, a kan katakon da na kyautar. Na bi sawun mai dakon, na tarar ya tsaga shi ya yi wa kaji akurki. Baba ya koma aji sau biyu. A na biyun wani ya tambaye shi ko wani labari ya fito a Linjila ta uku, ya ɗaga hannu yana lalube a iska, ya tsaya, ya ce a yi masa haƙuri. Daga ranar bai sake tsayawa gaban ajin ba.

Na sayo sabon katako da ƙusoshi, na ce mu sake, tunda komai na cikin kwamfuta. Mun gwada. Ina karantowa ina kafawa, shi yana taɓawa. Amma tazarar ƙusoshina ba ita hannunsa ya sani ba, sai ya yi ta ɓacewa tun a layin farko. Wata rana ya janye hannunsa ya ce, "Uwata, kin gaji, ni ma na gaji." Bai taɓa ce mini na yi laifi ba, ko sau ɗaya, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Abu ɗaya ya nema: ledar zaren. Kullum da hantsi yakan zauna a bakin ƙofa ya zazzage ta a cinya yana warware ƙulli. In ya ciro ɗaya sai ya auna tsawonsa da yatsu, ya faɗi labarin da yake ɗaure da shi. Da fari yana cin yawancinsu. A hankali suka riƙa kuɓuce masa.

Mako guda kafin ya rasu na dawo daga aiki na same shi da guntun ulu mai kauri a hannu, yana ta juya shi. Zanena na rataye a bangon da ke bayansa, yana sheƙi.

Ya ce, "Wannan na huɗun ne, dukansu sun ba da labarin. Amma na rasa inda na ɗaura shi." Ya miƙo mini ulun ta gefen da ba nan nake tsaye ba. "Duba mini a takardarki."