Muryar Kawu a Kasuwar Maigatari

Kawuna ne mai cigiya a karar dabbobi ta Maigatari. Duk ranar Alhamis, in sa ya tsinke igiya ko akuya ta bi wani garke, shi ke kama lasifika ya sanar. Shekarar da na dawo Gumel daga karatun kwamfuta, muryarsa ta fara dushewa, masu rumfar cigiya kuma suka fara maganar neman wani.

Ni da zumuɗin ilimi, na ce ai wannan ƙaramin aiki ne. Na ɗauki muryarsa da safe, kafin ta gaji, gutsure-gutsure: jan sa, baƙar akuya, mai karyayyen ƙaho, a kawo rumfa. Na rubuta masa manhajar kwamfuta tsaf-tsaf, fayil ɗin taga daban, na maɓallai daban, na sauti daban. Shi dai ya danna maɓalli, lasifika ta fitar da muryarsa.

To Kawu bai taɓa faɗar cigiya sau ɗaya ya yi shiru ba, sai ya nanata. Haka ya riƙa nanata dannawa. Kowace dannawa ta tashi da muryarta, kasuwa ta ji Kawu da yawa suna rige-rigen neman akuya ɗaya. Na gyara, na sa maɓalli ya toshe kunne har sauti ya ƙare.

"Ke 'yar nan," in ji shi, "ina danna shi yana ƙyale ni? Ke kika koya masa raini?"

"Kawu, jira yake ka gama magana."

Wannan ya yi masa daɗi. Sai kuma ya riƙa rufe tagar manhajar a tsakiyar cigiya da an kira salla. Na sa ta tambaye shi tukuna. Duk kuskuren da hannunsa ya ƙirƙiro, na tare shi, ina ta alfahari, har manhajar ta kai ko wa ya zauna ba zai iya ɓata ta ba.

Masu rumfa ma sun lura da haka. Bayan damina suka yi wa Kawu godiya mai yawa, suka ce ya je ya huta, mai sharar rumfa zai riƙa dannawa.

Abin ya ƙona mini rai, har yau. Na ce zan je in goge manhajar gaba ɗaya.

"Bar ta," in ji shi da 'yar muryar da ta rage. "Ita ba ta yi laifi ba."

Har yanzu yana zuwa ranar Alhamis. Yakan zauna wajen mai shayi, ya ji kansa yana neman jan sa, garau, kamar da.