Harafin da Ya Kusa Raba Mu da Baba Kafinta

Ko na tsufa har na fara manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta da Asabar ɗin da ta biyo bayan gobarar shagon mahaifinmu. Gobarar kanta mun daɗe da haƙura da ita. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya kusa faruwa da maƙwabcinmu saboda kalmomi uku da ya rubuta a waya.

Mahaifinmu, wanda mu 'ya'yansa ma Alhaji muke ce masa, yana da shagon kayan ɗinki a bakin layinmu a Ƙofar Ƙwaya: zare, maɓalli, zif, allurar keke, da ɗan yadi. Gidan da ke jikin namu kuwa na wani kafinta ne, Kirista mutumin Kudancin Kaduna, wanda muka buɗe ido muka gan shi a unguwar. Baba Kafinta muke kiransa. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, kuma kafin ta yi ritaya yawancin matan layin ita suke bugawa ƙofa in naƙuda ta tashi. Da Sallah a kai musu tuwo da nama, da Kirsimeti su aiko mana shinkafa da kaza, kuma Alhaji ne ke yanka musu kazar don kowa ya ci hankali kwance.

Ranar Juma'a wutar ta tashi, maza duk suna masallaci. Kafin a dawo, shagon ya zama toka. Da la'asar ƙanena ya ɗauki hoton wurin ya sa a shafinsa na sada zumunta, yana neman addu'a. Jama'a suka yi ta jaje. A cikinsu sai ga rubutun Baba Kafinta, gajere, babu gaisuwa babu komai: "Allah ya kara."

Duk Bahaushe ya san abin da ake nufi in masifa ta sami mutum aka ce masa Allah ya ƙara. Wani ya ɗauki hoton rubutun ya jefa a guruf ɗin samarin unguwa, daga nan ya tsallaka wasu gurare. Mutanen da ba su taɓa ganin fuskar tsohon ba suka shiga fassara shi. Wannan ya ce dama haka suke, suna dariya da mu a ido suna jin daɗin asararmu a zuci. Wancan ya tambaya, to wai waye ma ya rage a layin lokacin da kowa ke masallaci? Tambayar nan ita ta fi komai muni, don kafin gari ya waye ta daina zama tambaya.

Ni ina aure a Ƙofar 'Yandaka. Da safiyar Asabar na hau keke mai ƙafa uku na taho gida. Tsakar gidan cike da mata 'yan jaje, amma maganar da ake yi ƙasa-ƙasa ba ta gobara ba ce. Na lura matar Baba Kafinta ba ta cikinsu, ita da ko ciwon kai Inna mahaifiyarmu ta yi sai ta shigo. Wata gwaggonmu ta ce rashin zuwan nata ma ai shaida ne. Daga baya muka gane tun asuba ta kulle kanta a gida don tsoro, 'yarta da ke karatu a wani gari ta kira ta tana kuka, ta gaya mata abin da ake yaɗawa.

Na sami Alhaji a zaure, yana sanye da rigar jiya, har lokacin tana ƙaurin hayaƙi. Ƙanena na tsaye a kansa da waya, idonsa jajir. Alhaji ba ya karanta boko sosai, sai ya ce, "Karanta mani in ji, mi ya ce?"

Ƙanena ya karanta, ya ja kalmar ƙarshe da irin muryar da ake yi wa maƙiyi dariya.

Alhaji ya ce, "Haka ya faɗe ta, da wannan murya?"

"Alhaji, ai rubutawa ya yi."

"To muryar taka ce ke nan, ba tashi ba."

Ƙanena ya fara cewa ga shi nan baƙi a kan fari, kowa ya gani. Bai ƙarasa ba muka ji ƙarar dutse a jikin ƙofar ƙarfe, sai hayaniya. Samari ne suka taru a ƙofar gidan Baba Kafinta. Ba su yi wani yawa ba, amma akwai baƙin fuskoki a cikinsu, kuma na ga ɗaya riƙe da galan. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san inda irin wannan taro yake ƙarewa.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya jawo bencin zaurenmu da hannunsa, ya ratsa tsakiyarsu, ya ajiye shi a bakin ƙofar maƙwabcinsa ya zauna. Ya ce, "Shagona ne ya ƙone ko naku? In akwai mai fushi ai ni ne. Ku bari mai gidan shi zo, in tambaye shi gabanku."

Wani ya ce ai ya gudu. Alhaji ya ce bai gudu ba, tun ranar Laraba yana Dutsinma yana buga rufin wani gida, shi da kansa ya raka shi bakin titi. Maganar ta ɗan rage musu zafi, amma ba su watse ba. Haka aka zauna, rana na ƙara zafi, ni da Inna muna leƙe ta zaure, Inna na ta jan carbi.

Wajen hantsi sai ga Baba Kafinta a bayan mashin, jakar kayan aikinsa a cinya, hularsa duk ƙura. Wayarsa ta mutu tun jiya, bai san komai ba. Da ya ga taro sai ya ɗauka 'yan jaje ne. Ya sauka yana ɗingishin gajiya, ya wuce su kai tsaye, ya kama hannun Alhaji da hannu biyu.

"Alhaji, sannu. Sannu da wannan abu. Tun jiya hankalina na nan, mota ce ban samu ba. Ba wanda ya ji ciwo ko? To mun gode Allah. Allah ya mayar da alheri, Allah ya kare na gaba. Allah ya kare."

Na ga ƙanena ya dubi wayarsa, ya dubi tsohon, ya sake duban wayar.

Alhaji ya ce, "Kafinta, jiya ka yi rubutu a waya?"

"Na yi. Wani yaron aikinmu ya nuna mani hoton, na ce bari in sa ko kalma ɗaya kafin cajin ya ƙare."

Aka miƙa masa wayar. Ba shi da tabarau a jikinsa, sai ya nisantar da ita daga fuskarsa yana ƙanƙance ido, leɓensa na motsi. Na ga lokacin da ya kai harafin ƙarshe. Jakar ta suɓuce daga kafaɗarsa, guduma da ƙusoshi suka zube. Ya waiga ya dubi samarin ɗaya bayan ɗaya, ya ga duwatsun da ke zube a ƙofarsa, ya ga galan ɗin. Sai kawai ya zauna a ƙasa, dattijo mai furfura, ya ce, "Kare na so in rubuta. Alhaji, ni zan ce maka Allah ya ƙara? Ni?"

Alhaji ya sauko daga bencin ya zauna kusa da shi a ƙasan. Ya ce, "Na sani. Don su ji na tambaye ka."

Samarin suka riƙa zamewa ɗai-ɗai. Mai galan shi ya fara ɓacewa. Ƙanena ya durƙusa yana tsince ƙusoshin yana kuka, ba wanda ya hana shi.

A ranar ƙanen nawa ya rubuta dogon bayani a shafinsa ya ba da haƙuri. Bayanin bai yi tafiyar da hoton farko ya yi ba. Wasu ma suka ce rufa-rufa ce. Har bayan wata da watanni akwai masu fasa ba Baba Kafinta aiki, don sun ji an ce shi ne wanda ya yi murna da gobara. Duk da haka shi ya buga sabbin kantocin shagon Alhaji. Amma bai sake rubuta ko kalma ɗaya a waya ba. In yana da gaisuwa ko jaje, ya tako da ƙafarsa.

Matarsa ta fi shi daɗewa kafin ta saki jiki. Ranar da ta fara shigowa gidanmu ina nan. Inna ta yi ta ba ta haƙuri, ita kuwa tana murza bakin zaninta. Can ta ce, "Hajiya, ba jifan ne ya yi mani ciwo ba. Ina bayan ƙofa na gane muryoyi biyu a cikinsu. Ni na yanke musu cibiya."



Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, rubutun waya zuwa yake babu fuska babu murya, mai karantawa ne ke sa masa nasa. In zuciyarka ta riga ta yi zargi, da muryar zargi za ka karanta. Yanzu in na ga wani ya rubuta abin da ya sosa mini rai, kafin in tura wa kowa, sai in tambayi kaina ko mutumin da na sani zai iya faɗa mini haka ido da ido. In na kasa amsawa, sai in kira shi in ji daga bakinsa.