Faratun Suna Hanya

Idan ka shiga garinmu Hilo ka tambayi wanda ya fi kowa sanin faratun jitar kwance, waɗanda ake sawa a yatsu a kaɗa ta, ko mai sayar da kifi zai nuna maka gidan yayana Palani. Idan kuma ka tambayi wanda ya taɓa jin ya kaɗa jitar, sai a fara kallon-kallo. Ni ce ƙanwarsa Ululani, cikinmu ɗaya, kuma ni dai na taɓa ji, amma lokacin ko famfara ban yi ba.

Babanmu Eneki shi ne makaɗin. Da rana yana lodin rake, da yamma ya kwantar da jitarsa ta katakon bishiyar koa a cinya, ƙarfen gogawa a hannun hagu, faratu uku a dama: biyu na ƙarfe a manuniya da ta tsakiya, ɗaya na roba a babban yatsa. Yana da wani kiɗa marar suna da muke ce wa kiɗan wanke-wanke, don kullum bayan abincin yamma, Mama tana fama da kwanuka, shi yake yi mata daga baranda. Palani kaɗai ya koya wa. Ranar da Baba ya rasu, Palani da hannunsa ya zura faratun a aljihun rigar da aka binne shi da ita, jitar kuma ta zama tasa. Da aka watse daga zaman makoki Mama ta ce masa, "In hankali ya kwanta, ka yi mini kiɗan nan na babanka." Ya ce, "To Mama, bari in samo faratu."

Wannan maganar ta girmi 'ya'yana duka.

Kada a ce na ɓata shi. Palani mutumin kirki ne. Ya tuƙa motar rake har aka rufe masana'antar sukari, ya auri Momi, bai taɓa ɗaga mata murya ba, ba ya shan giya, duk Lahadi shi ke kai Mama coci. Amma tun da aikin rake ya ƙare, faratu suka zama ofishinsa. Yana da akwatin kayan kamun kifi mai hawa-hawa, babu ƙugiya ko ɗaya a ciki, faratu ne zalla: na tagulla, na farin ƙarfe, masu kauri, masu laushi, masu huji, marasa huji. Na tagulla wai muryarsu ta yi zaƙi da yawa. Na farin ƙarfe wai suna cizon tsirkiya. Waɗanda ya saya a Kona kuwa, ya ce can busasshen gari ne, farcen da ya zauna daram a Kona da ya sha ruwan saman Hilo sai ya fara santsi.

Ba ya zuwa sayen farce da safe, wai yatsa a kumbure yake tashi daga barci. Ba ya zuwa da yamma, wai ya saɓe. Idan zai je kuwa, tun ana jibi yake daina cin gishiri don kada yatsa ya kumbura, Momi ta riƙa dafa masa lami kamar mai hawan jini. Samari masu koyon kiɗa har layi suke yi a rumfar motarsa. Ya kama hannun mutum ya juya, ya latsa, ya girgiza kai.

"Wa ya zaɓa maka waɗannan?"

"Ni na zaɓa, Kawu."

"Ai na gani. Wannan yatsan naka na riƙe guduma ne. Miƙo filaya."

Sai ya lanƙwasa masa su tsaf, ya koya masa lasar yatsa kafin ya saka don kada su zame, ya gargaɗe shi cewa ba a aron farce, kamar yadda ba a aron buroshin haƙori. Yaro ya tafi ya zama makaɗi, wasu har a otel-otel na Waikiki. Idan wani marar ta-ido ya ce, "Kawu, ɗan taɓa mana mu ji," sai ya dubi sama ya ce yau iska da laima.

Mai shagon kayan kiɗa na bakin kasuwa, Kawu Shigeo, tsoho ne da ya san Baba. Duk kayan da ya sauke, Palani ne farkon gwadawa kuma farkon kushewa. Wata rana ina tsaye, tsohon ya gaji, ya buga wata kwalba da ke kan kanta cike da faratu masu araha.

"Ɗan Eneki, ka ga kwalbar nan? Nan ubanka yake zura hannu ya kwaso. Ko dubawa ba ya yi. Da haƙori yake lanƙwasa su, yana tafiya."

"Ƙarfen zamanin da daban ne, Kawu."

"Ƙarfen yana nan yadda yake. Mutanen ne dai."

Palani ya yi kamar bai ji ba, ya ce a miƙo masa wancan na sama.

Farcen babban yatsa shi ya fi ba mu wahala, don sai an tsoma shi a tafasasshen ruwa ya yi laushi a murɗa shi daidai yatsa. Akwai ranar da Momi ta ɗora romon taliya don baƙi daga coci, shi kuma ya ga tukunya na tafasa, ya ce ba sai an ɓata gas ba. Matar fasto ce ta tsamo shi a cokalinta. Baiwar Allah ta ɗauka ɓawon jatan lande ne, har ta tsotsa. Wani karon ya ce ruwa ba ya gasa shi da kyau, ya kara shi a wutar murhu. Irin robar nan kuwa ba ta san wasa ba, sai ta kama da wuta, fuu! Wata guda yayana yana yawo babu gira.

Duk wannan dariya muke yi, har da Mama. Kowace sabuwar shekara, in an gama cin abinci, sai ta ce, "Palani, faratun fa?" Ya ce, "An kusa, Mama." Ta ce, "To, Allah ya kawo." Ya zama kamar gaisuwa.

Dariyar ta tsaya mini ranar da na kai ta asibiti. Idonta dama ya daɗe da yin yana, inuwar mutum kawai take gani. Likita ya duba kunnuwan ya ce na hagu ya tafi, na dama yana bin sa. Ya ce siraran sauti su ke fara ɓacewa, kukan tsuntsu, ƙarar waya, muryar jarirai, kuma na'urar ƙara ji ba za ta yi wani abin kirki ba. To duk duniya akwai abin da ya kai jitar kwance siririyar murya? Daga asibiti ban ko biya gida ba, na wuce rumfar motar Palani. Na same shi da gilashi a karan hanci yana goge wani farce da tsumma.

"Yaya, kunnen Mama yana rufewa. In za ka yi mata kiɗan nan, ka yi shi makon nan."

"Ulu, ke matsalarki gaggawa. Na aika a kawo mini wasu daga ƙetare, da hannu ake ƙera su."

"Na cikin akwatin nan fa? Miya za ka yi da su?"

"Kiɗan Baba ne fa. So kike in yi shi da kowane tarkace?"

"So nake ka yi shi tana ji!"

Ya ce bikin cikarta shekara casa'in yana tafe, a nan zai yi, gaban kowa, yadda ya dace. Na faɗa masa maganganu, wasu ba za su maimaitu ba. Na san abin da ke cinsa, kuma na faɗa masa a fuska: tsoro yake ji ya kaɗa Mama ta ce ba haka Eneki yake yi ba. Bai musa ba. Ya dai ci gaba da goge farcensa, ni kuma na buga ƙofar mota na tafi ina kuka don haushi.

Na ƙetaren suka iso, ya ce an yi su don yatsun mutanen ƙasar sanyi. Ya hau jirgi ya tafi Honolulu, ya kwana gidan ɗan'uwan Momi, ya zagaye shaguna, ya dawo da wasu guda uku a ƙunshe cikin auduga kamar ƙwan tsuntsu. Ya ce an dace, waɗannan su ne. A watannin nan Mama ta daina juyowa in waya ta yi ƙara. Ta tambaye ni me ya sa tsuntsaye suka ƙaura daga bishiyar mangwaronta, alhali suna nan sun cika mana kunne. Na kai masa wannan labarin ma. Ya ce saura kaɗan, yana sabawa da su ne.

Ranar biki aka kafa rumfa a bayan gidan Mama, ruwa yana zuba kamar kullum, takalma sun yi tsibi a bakin ƙofa. Dangi daga Kona, daga Maui, 'yan coci, tsofaffin abokan aikin rake, da makaɗan da suka bi ta hannun Palani, kowa ya ji labari yau Palani zai taɓa jitar. Kawu Shigeo ya rufe shago ya zo, ya ce ko a keken asibiti ne sai an kawo shi. An rataya wa Mama furanni a wuya har sun kusa rufe mata haɓa, an zaunar da ita a gaba.

Sai ga mutumin da ya yi shekaru yana yi wa samari wa'azi a kan gishiri, fargaba ta kama shi, ya zauna gaban kwanon kifin gishiri da tumatir yana ɗura, yana haɗawa da poi, kirɓaɓɓen gwazan nan namu, bai ma san yana ci ba. Da aka kira shi ya ɗauko jitar, ya warware audugarsa, faratun Honolulu suka ce ba su san zancen ba. Ya lasa yatsa, ya tura, ya murɗa. Ko gaɓar farko ba su wuce ba.

Na ga bakinsa ya fara haɗa maganar da na sani. "Jama'a, yau iska..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Dama na biya shagon Kawu Shigeo na zura hannu a kwalba na kwaso faratu uku, ban duba ba. Na fito da su daga jaka, na buɗa bakinsu da haƙorina, na kama hannunsa na cusa masa ɗaya bayan ɗaya kamar mai sa wa akuya igiya.

"Ulu, waɗannan ai..."

"Yaya, wallahi ko ka kaɗa ko in kifa maka kwanon poi a ka, gaban fasto."

Ya zauna. Ya ɗora ƙarfen a kan tsirkiya. Sautin farko ya fito a karkace. Na biyu ya miƙe. Daga nan kuma sai ga barandarmu ta da, ga ƙarar kwanuka, ga Baba da singileti. Ashe duk shekarun nan kiɗan yana hannunsa, ko ɗigo bai zube ba. Ni haushi ma ya fara kama ni kafin hawaye, don da ya yi shi da daɗi haka gara a ce ya manta. Kawu Shigeo ya cire gilashi yana share ido. Makaɗan nan da suka saba surutu, kowa ya sunkuyar da kai.

Ya kai ƙarshe, ya ɗaga ƙarfen a hankali. Kafin kowa ya tafa, Mama ta gyara zama. Ta ji wurin ya yi tsit, ta juya wajen da take zaton yake, ta yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

"Palani! Har yanzu faratun kake gyarawa? Kada ka takura kanka, ɗana. Mutane na jiran kek. In sun zo daidai ka yi mini, ina nan."

Momi ta yunƙura za ta je kunnenta ta gaya mata, Palani ya riƙe mata hannu. Ya ajiye jitar, ya je ya durƙusa a gefen dama, ya kai bakinsa saitin kunnenta.

"To, Mama."

Aka yanka kek.

Akwatin nan yanzu ƙugiyoyi ne a ciki, faratun Palani ya juye su a kwalbar Kawu Shigeo. Samari in sun zo neman shawara, sai ya ce su je su zura hannu su kwaso, su tafi su kaɗa wa wanda za su kaɗa wa. Wasu har sun fara cewa Kawu Palani ya tsufa, ilimin ya gudu.

Kullum da yamma yana zuwa gidan Mama. Ni nake wanke kwanuka, ita tana kujerarta, shi yana baranda da faratun da na tauna, yana yin kiɗan daga farko har ƙarshe. In ya gama ya shigo yi mata sallama, sai ta laluba hannunsa ta ce, "Faratun fa?" Shi kuma ya sunkuya saitin kunnenta, ya ɗaga murya.

"Suna hanya, Mama."